Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Ministan Lafiya Kan Ƙyashin Arewa Mai Nisa

Mai girma Minista, ranka ya daɗe.

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni tsohon ma'aikacin jinya ne a Marwa, a jihar Arewa Mai Nisa ta Kamaru, kuma kukana a kan ƙwaron da tsawonsa bai wuce milimita 3 ba ne: ƙyashi, wanda wasu ke kira ƙudan rairayi. Ba ya kuka a kunne kamar sauro, ta ramin gidan sauro mai faɗin ido ma yakan shige. Macen ce ke shan jini, ita ke saka cutar lishmaniya.

A yankin Mokolo cutar gyambo take fitarwa, ya daɗe bai warke ba, ya bar tabo a fuskar yaro har girmansa. A Kusiri kuwa an sha samun mai tsananin, wato kala-azar: zazzaɓi na makonni, rama, kumburin saifa. In ba magani, kusan duk wanda ta kama ba ya tashi. Na ga yaron da aka yi ta ɗura wa maganin zazzaɓin cizon sauro, cikinsa na ƙara tasowa, har yau abin na cina.

Ranka ya daɗe, ƙyashi ba iri ɗaya ba ne. Dangin Sergentomyia sun fi yawa a tarko, amma yawancinsu jinin ƙadangaru suke sha. Phlebotomus duboscqi, wanda aka samu a Mokolo, shi ke kawo gyambon. A Sudan, Phlebotomus orientalis ne ke yaɗa kala-azar, mazauninsa baƙar ƙasa mai tsagewa da rani, inda aduwa da dushe suke. Duk wanda ya san karal ɗinmu na noman masakwa ya san irin ƙasar nan ce sak. Ido ba ya rarrabe waɗannan ire-iren ƙyashi. Sai an kafa tarkon fitila ko takarda mai man zurma, a cire kan ƙwaron da ƙarshen cikinsa, a duba haƙoran maƙogwaro da jakar ajiye maniyyi ta macen a madubin likita.

Roƙona shi ne a horar da ɗaliban Jami'ar Marwa wannan aiki, a haɗa su da Cibiyar Pasteur ta Garwa, su kafa tarko rani da damina daga Mayo-Tsanaga, inda Mokolo take, har kogin Logone, inda Kusiri take. A kai wa asibitocin ƙauye kayan gwajin kala-azar, a kuma sanar da masu unguwanni irin ƙyashin da aka samu a garinsu.

Allah ya taya ka riƙo.

Naka,
Tsohon ma'aikacin jinya, Marwa