Zancen kuɗin diyyar nan, Sani

Assalamu alaikum mutumina, ya Kano ya zafi, ya su Maman Abba da yara. Ni dai alhamdulillahi ciwon bayan yana sauƙi, sai dai in sanyi ya shigo Bironks, yankinmu a birnin Niyok, sai ka ji kamar ana soka maka ƙusa a ƙugu.

Na ga saƙonka, wai labari ya kai Fagge an biya ni dala dubu 90 na diyyar ciwon bayan da na ji a wurin aiki, har Kawu ya fara lissafin fili. To zancen dubu 90 gaskiya ne, haka aka rubuta a takarda, amma tsaya ka ji yadda aka yi watanda da su kafin su iso hannuna.

A nan jihar Niyok in ka ji ciwo a wurin aiki, inshorar kamfani ce ke biyan asibiti kuma tana ba ka wani abu duk sati, iyakarsa kashi biyu cikin uku na albashinka, shi ma akwai inda ba ya wucewa. In an gaji da jan magana sai a zauna a yi yarjejeniyar da suke kira Sashe na 32, su ba ka kuɗi dunƙule kai kuma ka sa hannu ka yafe abin da ya rage, kuma sai hukumar diyyar ma'aikata ta amince. Ana ba ka kwana 10 ka janye in ka sake shawara, in sun wuce an amince shi ke nan, kes ya rufu.

Babban yanka shi ne na maganin gaba, dubu 22. Ka san na daɗe ina karɓar kuɗin naƙasa na gwamnatin tarayya, wanda kuma ya shekara 2 yana karɓa sai a sa shi a Medicare, inshorar lafiyar tsofaffi da naƙasassu. Su kuma Medicare sun ce ba za su biya maganin ciwon da aka riga aka ba ka diyyarsa ba, don haka dole a ware kuɗin a akawun daban, ba a taɓa su sai don wannan bayan kaɗai, allura, gashin ƙashi, hoto, ganin likita. Ko ciwon haƙori ba ya ciki! Rasit ɗin kowane magani ina ajiye shi a wata tsohuwar gwangwanin biskit, duk shekara sai na cike fom na aika musu yadda na kashe. Kuma wai dole akawun ɗin ya zama mai kuɗin ruwa, wannan kam har yanzu yana damuna, zan tambayi liman.

Sai lauya, kashi 15 cikin ɗari, amma banda kuɗin maganin, wato dubu 10 da 200. Ba ni na miƙa masa ba, hukuma ce ta amince aka cire tun daga can. Kuma wallahi ban ji haushi ba, don shi ya sa aka rubuta cewa kuɗin na tsawon rayuwata ne, a raba su wata-wata a lissafi, in ba haka ba da an zaftare min kuɗin naƙasan, tunda doka ta ce diyyar da kuɗin naƙasan in an haɗa kada su wuce kashi 80 na abin da nake samu da.

Medicare ma sun dawo da bashi, wasu magungunan da suka biya tun ana gardama da inshora, dubu 2 da 800. Wanda ake bi kuɗin ciyar da 'ya'ya shi ma a nan ake kama shi, wani ɗan Kumasi da muke sallah tare haka ya sha. Haraji ne kawai ba a cira.

Saura dubu 55, kuma ɗaukar kaya a sito ya ƙare mini, haya a nan ka san ba ta jira. Don Allah ka lallaɓa Kawu ka faɗa masa fili sai an ga hali. Kuɗin makarantar Abba dai zan turo ƙarshen wata insha Allahu, ka turo min lambar akawun ɗinka ta WhatsApp, waccan ta ɓace da tsohuwar wayata.

Ka gaida Hajiya, ka ce ta sa ni a addu'a.

Naka,
Bala