Zuwa ga ɗana Sani, bayan tseren da ka zo na huɗu

Assalamu alaikum. Ya karatu? Mamanka da ƙannenka suna gaishe ka.

Ƙanenka ya gaya mini ka zo na huɗu a tseren mita 400, kuma tun ranar takalmin gudunka yana ƙarƙashin gado. Ya ce wani abokin atisayenka yana ta zuga ka wai da ka haɗiyi 'yar ƙwaya da ba a wuce ka ba. Wannan maganar ce ta hana ni barci.

Tun ba a haife ka ba, a gasar Olamfik ta Sidni a 2000, 'yan Najeriya huɗu suka yi tseren miƙa sanda, kowannensu mita 400: Clement Chukwu, Jude Monye, Sunday Bada da Enefiok Udo-Obong. Suka zo na biyu, Amurka ta ɗauki zinare. A 2008 ɗaya daga cikin Amurkawan, Antonio Pettigrew, ya amsa da bakinsa cewa ya yi amfani da maganin ƙara kuzari. Aka ƙwace lambar, amma sai a 2012 aka tabbatar wa Najeriya ita. Sunday Bada kuwa ya rasu a Disambar 2011. Bai taɓa riƙe zinarensa a hannu ba. Duk sanda na tuna wannan sai zuciyata ta yi nauyi, Sani. Haƙƙin mutum aka ci har ya koma ga Mahaliccinsa. Ba na so a wayi gari ɗana ne ya tsaya a gurbin wani da guminsa ya fi nasa tsarki.

Na huɗun da ke ƙona maka rai, Tobi Amusan ta ɗanɗana shi sau biyu a tseren tsallake shinge na mita 100: a Doha a 2019, sannan a Olamfik ta Tokiyo. Ta koma fili. A Yulin 2022, a garin Yujin na Amurka, ta yi daƙiƙa 12.12, ta kafa tarihin duniya. Na ga hawaye na bin kumatunta ana taken Najeriya, ni ma sai da na share nawa.

Ka fito da takalmin nan ka kakkaɓe masa ƙura. Wannan abokin kuma ka ja baya da shi, ba sai an yi faɗa ba. In kun samu hutu ka zo gida, mu riƙa fita filin makarantar unguwa bayan sallar asuba, ni zan riƙe maka agogo.

Allah Ya yi maka albarka.

Babanka