Wasiƙa daga Ribera, lardin Agrigento

Habu abokina,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da Hajiya da yara duka. Ka gaishe min da Baba Tanko, ka ce masa maganar gonar nan tana raina.

Saƙonka ya iso, har da gorin wai tun da na shigo Turai na manta da mutane. Kai da sai ka ga ruwa ya ƙare wa ɗan kada kake neman mutum! Lokacin tsinkar lemo ne ya riƙe ni, asuba muke fita, mu dawo hannu duk ƙaya.

Ka ce in ba ka labarin inda nake. Lardin Agrigento ne, a gaɓar kudu ta tsibirin Sisili na ƙasar Italiya, yana kallon Afirka. Ƙananan hukumomi 43, mutane 400,000 da 'yan kai, kuma kullum raguwa suke, don samarinsu arewacin Italiya da Jamus suke gudu neman aiki. A layinmu tsofaffi sun fi yawa. Ga matsalar ruwa: kusan kowane gida da tanki a kan rufi, kuma lokacin farin da aka yi a 2024 wasu unguwanni sai su yi mako biyu famfo bai kawo ba, sai dai a sayi na tanka.

Amma gari ne mai asali. Girkawa suka kafa babban birnin lardin, wato Agrigento, wajen shekara 580 kafin haihuwar Annabi Isa, suka kira shi Akragas, kuma ɗakunan bautarsu na dutse suna nan a jere kan tudu. Wanda ake kira Concordia ko ginshiƙi ɗaya bai faɗi ba, don an taɓa mai da shi coci. Musulmi sun ci garin a 828, daga bakinsu aka samo sunan Girgenti da ya zauna har 1927. A watan Yuli kuwa ana bikin San Calogero, waliyyinsu baƙar fata. Da idona na ga ana ɗauke da gunkinsa ana ta jefo masa burodi daga baranda. Wai a zamanin annoba shi yake bi gida-gida yana roƙa wa marasa lafiya abinci, mutane na jefo masa ta taga don tsoron ɗaukar cuta.

Habu, abin da ya hana ni barci maganar ƙaninka ce. Na ji ya sayar da babur yana tambayar hanyar Agadas. Tsibirin Lampedusa da yake ji a bakin 'yan tasha a cikin lardin nan yake, kilomita 113 daga Tunisiya, 205 daga Sisili. Ranar 3 ga Oktoba 2013 jirgi ya kife a bakinsa, mutum 368 suka rasu, yawancinsu 'yan Eritiriya. Na je maƙabartar Agrigento inda aka ajiye wasunsu, kabari bayan kabari lamba ce kawai a jiki, babu suna. Wanda Allah Ya tsallakar kuma, a kawo shi tashar Porto Empedocle, ya shiga jiran takardu da ba ranar ƙarewa, yana kwana a kango. Don Allah ka zaunar da shi. In jari yake nema, ina gama lemo zan turo abin da ya sawwaƙa ya maido babur ɗinsa. Kada Hajiya ta ji wannan daga bakina tukuna.

Af, da gaske ne Ɗanliti ya ƙara aure? Wace ce ta yarda? Ka ba ni labarin tiryan-tiryan, kada ka rage komai. In kuma ka samu mai zuwa ta jirgin sama, a haɗo min yaji da kuka, nawa sun ƙare tun kafin azumi.

Naka,
Isiyaku