Wasiƙar Sallah daga Edinbara

Edinbara, Sikotilan
1 ga Shawwal

Assalamu alaikum.

Baba, Inna, ina gaishe ku. An yi Sallah lafiya? Allah ya karɓi ibada, ya maimaita mana. Auta, na san ke za ki karanta, to ki ɗaga murya saboda kunnen Hajiya, kuma ban da tsallake layi.

Nan ma yau aka sauko Idi. A babban masallacin Potterrow kashi-kashi ake yi saboda yawan jama'a, kowa da rigar sanyi a kan kayan Sallarsa, ba ka ganin aikin wuyan kowa. Ana sallamewa aka watse, mai zuwa aiki ya nufi aiki, don babu hutu. Ba tambari, ba algaita, ba doki ko ɗaya. Agogonmu yana bayan naku da awa ɗaya, sai Lahadin ƙarshen Maris su tura shi gaba mu yi daidai. Da na lissafa na ga yanzu ake dawowa daga filin Idi na Ƙofar Doka a Zariya, sai garin nan ya ƙara yi min shiru.

Inna, masa ce ba ta yiwuwa a ƙasar nan. Doguwar shinkafarsu ba ta da danƙo, wadda ta fi kusa da ta tuwo ita ce ƴar gajerar da suke dafawa da madara. A jiƙa kofi 3 awa 6, a dafa rabin kofi ya yi luguf, a markaɗa su tare da albasa ɗaya, a sa yis cokalin shayi 2 da ɗan sukari. Har nan lafiya. Amma ƙullin da zai tashi a tsakar gidanmu kafin a gama shara, a nan sai ya kwana bai motsa ba, sai an rufe shi an jingina da ƙarfen ɗumama ɗaki, in kuma ya matsa da yawa ya yi tsami. Tanda babu. Akwai kaskon Indiyawa mai ƙananan ramuka, masar ta fito kamar ƙwan zabi, wutar lantarki ta ƙone bayanta cikin bai nuna ba. Taushe kuwa, kabewarsu mai zagaye ruwa ce zalla, gara doguwar mai siffar gora. Yakuwa sai a mafarki, lemon tsami ake matsawa. Gyaɗar kwalba ma sai an duba, wata da sukari a ciki. Ana ci dai, amma babu ƙaurin nan na tandar ƙasa.

Auta ta ce kin ƙwace mata wani littafi, wai kin ga saurayi mai tsinin kunne a bango. Bari in raba gardama, tunda asalin abin yana nan bayan garin nan.

Masu tsinin kunnen nan, Turawa na ce musu feri. A da mutanen karkarar Sikotilan ba sa ambaton sunansu, sai su ce "maƙwabtan kirki", kamar yadda muke cewa mutanen ɓoye. Har wani limamin coci a Aberfoyle, Robert Kirk, ya rubuta littafi a kansu a 1691. Amma ba aljanun da Alƙur'ani ya ba mu labari ba ne, Inna, yanzu matsayinsu ɗaya da Dodo da Gizo. Akwai wata tsohuwar waƙa, Tam Lin, da aka ambaci sunanta a rubuce tun 1549, labarinta a dajin Carterhaugh yake, kusa da Selkirk, tafiyar kamar awa ɗaya a mota daga nan. Sarauniyar feri ta sace wani saurayi, ga shi duk shekara 7 sukan ba da mutum ɗaya fansa, yana tsoron bana shi ne. Budurwarsa Janet ta tare hanya a daren 31 ga Oktoba, ta bar baƙin doki ya wuce, ta bar ja, ta fizgo mahayin farin. Aka mayar da shi maciji a hannunta, aka mayar da shi zaki, aka mayar da shi jan ƙarfe daga wuta, ba ta saki ba. Da ya zama garwashi ta jefa shi a rijiya, ya fito mutum, ta lulluɓe shi da koren mayafinta. Ku lura, mace ce ta je ceto. Littattafan nan da yawa daga gindin nan suka tsiro.

To Auta, tunda kin ce kina son rubuta irinsa, ga yadda ake ɗinka shi. Don ƴan shekara 12 zuwa 18 ake yi, jarumar takan kasance mai 16 ko 17, ita ce ke ba da labari da bakinta, kuma yawanci littafi 3 ne a jere. Ƙasar feri tana da fada biyu a al'adar nan, ta masu ɗan mutunci da ta mugaye, marubutan yanzu kuma sukan raba su zuwa fadar rani da ta hunturu. Sauran duk dokoki ne. Baƙin ƙarfe na ƙona su. Suna da rufa-ido, su nuna miki ruɓaɓɓen ganye a matsayin zinariya, kariyarsa gishiri, ko juya riga bai-bai, ko sarƙar jajayen ƴaƴan wata bishiya. Wanda ya san sunansu na gaskiya ya mallake su. Ba a cin abincinsu, wanda ya ci ba ya komawa, in ma ya koma abincin gida ya zame masa toka a baki. Lokacinsu daban yake tafiya: a tatsuniyar Ayalan, Oisín ya bi wata ƴar sarkinsu, da ya dawo ganin gida ya tarar shekara 300 ta wuce, ƙafarsa na taɓa ƙasa ya zama tsoho tukuf. Waɗannan biyun na ƙarshe ba na son karanta su ranar Sallah.

Dokar da ta fi kowace aiki ita ce ba sa iya ƙarya. Ba gaskiya ce ta dame su ba, bakinsu ne ba ya iya furta ta, don haka suka ƙware a hannunka-mai-sanda da murɗa zance. Ya ce, "Ba zan taɓa ki da hannuna ba," sai ya aiko bawansa. Ya ce, "Zan mayar da ke gida," bai ce yaushe ba, bai ce a raye ba. Ita kuma yarinyar ba ta da sihiri, ba ta da tsawon rai, makaminta ɗaya: ita tana iya ƙarya. Holly Black ta gina The Cruel Prince na 2018 a kan wannan, kuma a ganina nan soyayyar ke samun gishiri. In saurayin feri ya ce yana sonki, magana ta ƙare, ba ya ƙarya. In ke kika ce, ta yaya zai tabbatar? Kafin ki fara babi na ɗaya, ki rubuta alkawarin da za su ƙulla a takarda daban, kalma bayan kalma, ki nemo ƙofa biyu da za a iya zamewa ta cikinsa. Ɗaya ki bar mai karatu ya hango, ɗaya ki ɓoye sai ƙarshe.

Inda ake faɗuwa: a kafa doka a babi na 2, a manta da ita a na 20, ɗan sarkin da ƙarfe ke ƙonawa ya shiga mota ya fito lafiya lau. Ko a wayi gari jarumar ashe ƴar sarkin feri ce da aka musanya tana jaririya, duk wahalar da ta sha a matsayin mutum ta tashi a banza. Ko gaba ta koma soyayya don kawai saurayin kyakkyawa ne, ya wulaƙanta ta shafi 200 bai biya komai ba. Sai ya yi asarar wani abu da ke masa ciwo, sarauta ko sunansa, kafin mai karatu ya yafe. Sannan tazarar shekaru: shi 500, ita 17, ko Hajiya ba za ta karɓi wannan sadakin ba. Kuma in a Zariya za ki kafa labarin, kada ki ɗora wa aljanu dokar rashin ƙarya, masu karatu za su ce a wane littafi kika gani. Ki ƙirƙiro naki mutanen, ga tsamiya, ga kuka, ga magariba, ga tsohuwar rijiya, sun ishe ki.

Inna, wuri ɗaya kina da gaskiya. Ba duk mai furanni a bango ne na yara ba. A Court of Thorns and Roses na Sarah J. Maas ya fito a 2015 a sashen matasa, daga baya aka mayar da jerin sashen manya saboda abin da ke ciki. Auta, wannan ba naki ba ne. Sauran ki turo min hoton bango kafin ki fara. Wanda aka ƙwace kuma, Inna, ki ba ta, na san shi, ba komai.

A gaida Yaya Babba da iyalinsa. A gaida Baffa, Kawu na Tudun Wada, Gwaggo ta Samaru da mutanen gidanta. Maƙwabta gaba da baya, da Malam na makarantar allo. Ummi, an ce lallenki ya kama har gwiwar hannu, ina hoton? Ƴan biyu, goron Sallarku yana wajen Yaya, ku matsa masa, kada ya ce canji ya faɗi.

Hajiya kishiyata, ke na bari ƙarshe. Na san yau kin ɗaura atamfar nan mai ruwan goro, kin zauna bakin ƙofar ɗaki da ƙullin sababbin kuɗi a bakin zane, kina ba wa kowa kina mita. Wa ya tsefe miki kai bana? Wa ya ci masar farko, wadda kike cewa ta mai tanda ce alhali ni kike ajiye wa? Kin tambaya yaushe zan zo. Na ce zan zo, kuma ni ba feri ba ce, in an ba ni hutu ranar ma zan faɗa miki, in sha Allah.

Inna, in an samu mai tahowa, a ba shi ƙaramar tanda ta ƙarfe, mai rami 4 ta isa, da busasshiyar yakuwa da daddawa, a ƙulle ta leda uku saboda jama'ar jirgi. Kada a sa kilishi ko dambun nama, ba a shigowa da nama ƙasar nan, a filin jirgi za su karɓe.

Baba, a sa ni a addu'a.

Taku,
Adda