Sanarwa ga ƴan Zumuntar Mata

Salama a gare ku iyaye mata da ƴan'uwa, cikin sunan Yesu.

Ranar Asabar mai zuwa za mu je gaishe da marasa lafiya a Asibitin Barau Dikko. Mu haɗu a majami'armu ta Sabon Tasha da ƙarfe 9 na safe, mota ba za ta jira kowa ba.

Kowace ta ba ma'aji naira 1,000 kafin Alhamis, ko ta kawo sabulu, omo ko lemo. Mu sa kayan zumunta.

Ku tuna da Markus 12:30-31, ƙaunar Allah da ta maƙwabci tare suke tafiya. Don haka ba ƴan ikilisiya kaɗai za mu duba ba, Kirista da Musulmi duka za mu gaisar. Don Allah ban da ɗaukar hoton majiyyata.

Ubangiji ya sa muku albarka.
Sakatariyarku