Barka da Kirsimeti daga Basse

Zuwa ga Baba da Mama da dukan gida a Kaltungo,

Ina gaishe ku a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Barkanku da Kirsimeti, barkanmu da ganin ƙarshen shekara lafiya. Yaya sanyi? Yaya jikin Kaka, kuma yaya ƙafar Baba? Mu nan lafiya lau muke, ni da maman yara da jikokinku, sai godiya ga Allah.

Ko ban gani da ido ba na san yadda gida yake a yau. An gama suyar cincin tun jiya, Mama ta tashi tun da asuba ta ɗora tukunya, hazo ya rufe Dutsen Kilang, Zumuntan Mata kuma sun fito da ankonsu. Kewa tana nan, ba zan ɓoye muku ba, kuma a irin wannan rana ta fi ciwo.

Kwanakin baya Kawu ya tambaye ni a waya, ya ce tunda muka zo Gambiya aikin bishara mutum nawa suka tuba. Layi ya yanke kafin in ba shi amsa mai kyau, shi ya sa nake so a karanta masa wannan wasiƙa. Tambayar tana kan hanya, domin da baikonku da guminku muke zaune a nan, kuna da haƙƙin sani.

Gambiya ƙaramar ƙasa ce, gaba ɗayanta ba ta kai jihar Gombe girma ba, mutanenta kuma ba su kai miliyan 3 ba. Siririya ce, ta bi bakin kogi hagu da dama, Senegal ta kewaye ta sai ta wajen teku. Basse, inda muke, tana can ƙuryar gabas, nesa da Banjul babban birnin ƙasar, kuma idan bazara ta kama, zafinta ya fi wanda muka saba da shi a gida. Kiristoci a duk ƙasar ba su kai kashi 5 cikin 100 ba, alhali 'yan mishan na Metodis sun shigo tun 1821. Kawu ya lissafa da kansa, shekara 200 ke nan da ɗoriya. Waɗanda muke sujada tare da su ranar Lahadi benci kaɗan ne suke cikawa, yawancinsu 'yan ƙabilar Manjago ne da baƙin da aiki ya kawo.

Abin da zan iya ba ku labarinsa da tabbaci shi ne aikin da Allah ya yi a cikina. Kun san ni da gaggawa, Mama ta sha cewa ko tuwo ba na bari ya huce. A nan kuwa ba a maganar kirki sai an sha shayi, wanda suke kira ataya. Maƙwabcinmu, wani dattijo Bafulatani mai noman gyaɗa, yakan hura gawayi a ɗan kasko bayan la'asar, ya ɗora ƙaramar buta, ya yi ta juya shayin daga wannan kofi zuwa wancan har kumfa ta tashi. Zagaye uku ake yi, na farko da ɗaci, na ƙarshe zaƙi zalla, kuma tashi kafin na uku rashin ladabi ne. Awa biyu takan wuce a haka. Ɗan Fulatancin da na tsinta a kasuwar Gombe ya buɗe mini ƙofa, ko da yake nasu ya sha bamban da namu, har yakan yi dariya ya gyara mini baki. A kan wannan tabarma na koyi yin shiru in saurari mutum har ya kai aya. Can na ji labarin ɗansa da ya bi hanyar hamada da teku zuwa Turai, har yau ba a ji ɗuriyarsa ba. Ranar da ya faɗa mini, hawaye ne kawai na iya, sai daga baya na nemi izninsa in riƙa sa yaron a addu'a. Ya ce in sa.

Da damina zazzaɓin cizon sauro ya kama autarmu cikin dare, jikinta kamar wuta, ga ruwa ya ɓata hanya. Wannan dattijon ne ya ɗaura wa jakinsa amalanke, ya rufe ta da uwarta da leda, ya kai mu asibiti yana tafe a ƙasa cikin taɓo. Matarsa ta kwana da sauran yaran. Musulmi ne, ya san sarai abin da ya kawo mu garinsa, bai kuma taɓa nuna zai bar addininsa ba. Baba, a daren nan na gane cewa wanda aka aika ya ba da, dole ya iya miƙa hannu biyu ya karɓa. Tun daga lokacin addu'ata ta canja. Da can jerin buƙatu nake kawo wa Ubangiji in tashi, yanzu nakan zauna da sunayen mutane ɗaya bayan ɗaya, in daɗe.

Ina yawan tuna tarihin da Baba yake ba mu da dare. Mutum uku ne suka sauka Ikko a 1893 da niyyar kawo bishara ƙasarmu, Gowans da Kent da Bingham. Biyu suka mutu cikin shekara guda ba su ga ko majami'a ɗaya ba. Sai a 1917 bishara ta iso ƙasar Tangale, waɗanda suka kawo ta kuma sai da suka zauna suka koyi harshen kakanninmu kamar jarirai. Wa zai ce a lokacin, zuwa 1948 'yan ƙasa za su kafa EMS, ƙungiyar aika masu bishara, su fara aika nasu? Manzo Bulus ya ce shi ya shuka, Afolos ya yi ban ruwa, amma Allah ne mai sa girma. A wannan Kirsimeti kuma abin da ya tsaya mini a rai shi ne Luka 3:23. Ubangiji da kansa sai da ya kai wajen shekara 30 kafin ya fara hidima a fili. Yawancin shekarun nan yana Nazarat, yana cin abincin mutane, yana jin yarensu, yana aikin hannu tare da su. Ban ga dalilin da zai sa bawa ya fi ubangidansa sauri ba.

Kada ku ɗauka zaman banza muke yi. Maman yara tana da ajin yaƙi da jahilci na mata, wasu har sun fara rubuta sunansu suna karanta katin asibiti da kansu. Ni kuma ina karatun Littafi Mai Tsarki da matasan ikilisiya, biyu daga cikinsu suna shirin baftisma.

Kirsimeti a nan tana da nata daɗin. A Banjul ana yin fitilu manya da gora da takarda a siffar jirgin ruwa, ana kiransu fanal, a zaga gari da su da kiɗa, Kirista da Musulmi tare. Mu a Basse ba mu da wannan, amma yau bayan sujada mun dafa shinkafa da miyar gyaɗa mun aika wa maƙwabta, kamar yadda su ma suke cika mana kwano da nama a Babbar Sallah. Yara sun rera waƙoƙinmu na Hausa, mutane suka yi ta tafi ko da yake ba su ji ba.

Ku gaya wa Fasto da dattawa da Zumuntan Mata saƙonsu ya iso, Allah ya sāka da alheri. Ku sa mu a addu'a game da takardun zama da za mu sabunta, da ɗan maƙwabcin nan namu. Mama, idan an sami mai zuwa, a taimaka mana da daddawa da yaji, kuka dai akwai ta a nan. Yaya, don Allah a kai Baba a duba ƙafar nan kafin sabuwar shekara, zan turo abin da ya sawwaƙa. Kuna gabanmu da awa ɗaya, saboda haka zan kira da ƙarfe 7 na yamma agogonku, a kai wa Kaka wayar ta ji muryar jikoki.

Alherin Ubangiji ya kasance tare da ku duka.

Ɗanku,
daga Basse, Gambiya