Kafin a sayar da ƙaramin dron a hau babba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ɗan fili in yi magana da 'yan'uwa masu ɗaukar hoto da bidiyo a Maradi, musamman matasan da suka fara ganin kuɗi da ƙaramin jirgi mara matuƙi, wato dron, har suna shawarar sayar da shi su sayi babba na ƙwararru. Ra'ayina shi ne kada a taɓa babban sai aikin da ake biya ya nemi abin da ƙaramin ya kasa.

Mu ɗauki na kamfanin DJI guda biyu da suka fito a 2023. Mini 4 Pro bai kai giram 250 ba, yana ɗaukar 4K, farashinsa na fitowa dala 759 na Amurka. Mavic 3 Pro giram 958 ne, kyamara uku gare shi, ya fito a kan dala 2,199, wato ya haura miliyan ɗaya na sefa tun ba a yi zancen duwan da kuɗin kawowa ba. Tazarar ta wuce jaka 800. A ce mai biki ya yarda ya ƙara jaka 15 saboda an zo da babban jirgi, sai an yi aiki sama da 50 kafin tazarar ta fito. Kuma akasari ba zai ƙara ba, don a WhatsApp da Facebook zai kalli bidiyon, su kuwa matse hoto suke yi har a kasa bambance na wannan da na wancan. Mai ɗaukar suna da kai amarya kawai, ƙaramin ya ishe shi.

Akwai inda babban yake cin kuɗinsa. Kyamararsa ta fi jan haske, saboda haka hoton magariba yana fitowa ba dishi-dishi. Ya fi jimre iska kaɗan: mita 12 a daƙiƙa, ƙaramin kuma 10.7. Amma abin da ya fi amfani a nan shi ne kyamarar janyo nesa, mai 70mm. A hawan salla ƙarar farfela tana firgita doki, kuma jirgi mai kusan kilo guda in ya faɗo a kan taro rauni ne. Da kyamarar nesa sai a tsaya gefe, sama da fili mara jama'a, a janyo mahayan. Wanda wannan kaɗai yake buƙata ya duba Air 3, mai giram 720, shi ma yana da ita kuma bai kai Mavic tsada ba.

Aikin awon fili kuwa dabam ne, a nan ne da yawa suke sayen abin da ba shi ba. Mai son yi wa ƙungiyoyi ko masu awon filaye taswirar gonakin rani na Jiratawa ko gaɓar Gulbin Maradi, irin Mavic 3 Enterprise ko Phantom 4 RTK yake buƙata, masu shota ta ƙarfe, wato ƙofar da ke buɗewa ta rufe a idon kyamara, wadda ba ta murɗe hoto in jirgi yana gudu. Hotunan kuma sai kowane ya hau kan na kusa da shi da kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari, a sa alamu a ƙasa da aka san ma'auninsu, sannan kwamfuta ta haɗa. Ba tare da wannan ba, hoto ne mai kyau, amma ba wanda zai kafa iyakar gona da shi.

Dron kamar doki ne, harawa ta fi sayen wuya. Minti 43 da aka rubuta a kwalin Mavic awo ne na inda babu iska. A fili a yi lissafin kusan rabin awa, a sauko batir yana da kashi 20 zuwa 25. Saboda haka batir uku ne mafi ƙaranci, kuma na Mini ba ya shiga Mavic. Sai gilasan rage haske da ake ɗora wa kyamara, ND16, ND32 da ND64, don ranar Maradi ta fi ƙarfin kyamara in ana son shota ta tsaya a 1/50 a kan hoto 25 a daƙiƙa. Sai memori mai alamar V30, wato mai saurin ɗaukar bidiyo. Bidiyo mafi inganci yana cin wajen giga ɗaya da rabi a minti, tsohuwar kwamfuta kuma sai ta riƙa tsayawa wajen tace shi.

Zafi shi ne babban mai kashe jari. Kamfanin ya ƙayyade aiki zuwa digiri 40, mu kuwa a Afrilu da Mayu muna wuce nan. A tashi da sassafe ko bayan la'asar. Kada a bar batir cikin mota ko akwatin babur, kada a sa shi caji da zafinsa, kuma in za a ajiye shi kwanaki a bar shi da kamar rabin caji. Wanda ya kumbura ya gama aiki, ko da yana kamawa. Da hunturu kuma ƙura ce: tashi daga kan rairayi yana watsa yashi cikin injunan farfela da cikin gimbal, ɗan hannun da ke riƙe kyamara, daga nan hoto ya fara rawa. Tabarma ko faifan sauka yana maganin wannan. Hazon kansa ba kyamarar da ke huda shi. Idanun jirgin da ke hana shi karo da abu ba sa ganin siririyar wayar lantarki, don haka a saita tsayin da jirgi ke hawa in zai koma wurin tashinsa da kansa ya wuce dogayen anten na waya da ke unguwar. Gyaran kuma sai an aika Kano ko Yamai, a zauna babu aiki. Shi ya sa na fi son a riƙe ƙaramin ko an sayi babba.

In na hannu za a saya, a buɗe manhajar tuƙa jirgin, DJI Fly, a ga sau nawa aka caja kowane batir, a tashe shi a gaban mai shi, kuma lallai ya cire jirgin daga asusunsa kafin a miƙa kuɗi.

Sai maganar izini, wadda ta kamata ta riga saye. Hukumar ANAC ce ke kula da harkar jiragen sama na farar hula a Nijar, kuma a halin tsaron da ake ciki, ga mu dab da iyaka, jirgi a sama ba abin wasa ba ne. A nemi izini a rubuce, a sanar da hukumomin gari, a nisanci filin jirgin sama, barikin soja da ofisoshin gwamnati. Babba ya fi ƙara, ya fi jan ido. Haka kuma gidajenmu tsakar gida a buɗe take, da mata a ciki. A gaya wa mai unguwa da maƙwabta kafin a tashi, a karkata kyamara ga gidan bikin kaɗai, abin da ya shiga bisa kuskure kuma a yanke shi kafin a ba mai aiki.

Na gode, Allah ya ƙara wa jaridarku albarka.

Daga wani mai sana'ar ɗaukar hoto, Maradi.